Cinikin Yara a Ƙwallon Ƙafa: Daga Bencin Turai Zuwa Gidan Bashi a Sabha

Wanda ya san Sabha ya san cewa yawancin Hausawan da ke cikinta ba su da niyyar tsallaka teku. 'Yan ci-rani ne daga Tawa da Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano, wani na gona, wani na leburanci, wani ɗinki, wani gadi, su tara abin da ya samu su aika gida. Amma a cikin mutanen da motocin Hilux ke saukewa daga Agadas akwai wani rukuni na daban, kuma gane su ba wuya. Yara ne 'yan shekara sha shida zuwa ashirin, jakarsu ba nauyi, a ciki akwai takalmin ƙwallo naɗe a leda, wayarsu kuma cike da bidiyon wasannin da suka buga a filin unguwa. Ranar Juma'a da la'asar, da yake ita ce ranar hutu a Libiya, su za ka tarar a filayen yashi na gefen gari, an kafa duwatsu biyu a madadin raga, suna wasa bil-haƙƙi, gumi na zuba. In ka tambayi ɗayansu ina ya dosa, zai ce maka Italiya, akwai ejan da ke jiransa, za a kai shi gwaji.

Ba Chelsea ce ta aiko a kawo shi ba, Manchester City ma ba ta san da zamansa a duniya ba. Ya kamata a faɗi wannan tun farko don kada a ɗora wa kowa laifin da ba nasa ba. Sai dai abin da ya fito da yaron daga gidan ubansa yana da jijiya a can sama. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan manyan ƙungiyoyin Turai suka mayar da sayen matasa wata sana'a mai zaman kanta, dabam da neman kofi. Ana sayen yaro ba don ya buga wa ƙungiyar wasa ba, sai don a ba da aronsa, farashinsa ya tashi, a sayar. Labarin kuɗin da ke cikin harkar ya kai har ƙauyen da ba wuta sai ta janareton gidan kallo. Labarin waɗanda harkar ta tauna ta tofar kuwa ba ya isowa. A ganina wannan giɓin shi ke cika motocin Agadas da 'yan ƙwallo.

Duk wanda ya taɓa ba da kiwo zai gane lissafin. Mai hali ya sayi 'yan raguna talatin da arha bayan Sallah, ya rarraba wa mutanen ƙauye, su ke fama da dusa da harawa, in layya ta matso ya tattaro. Wasu sun rame, wasu ma sun mutu, amma biyar ɗin da suka yi ƙiba sun mayar masa da uwar kuɗi har da riba mai kauri. Haka babbar ƙungiya ke yi. Ɗan shekara sha takwas daga Afirka ko Kudancin Amurka kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da gogaggen ɗan wasa. Albashinsa kaɗan ne, kuma ƙungiyar da ta karɓi aronsa ita ke biyan duka ko wani ɓangare, wani lokaci har da kuɗin aro a kai. Ita ke horar da shi, ita ke jure kurakuransa a fili. In ya yi fice, uwar ƙungiya ta janye abinta ko ta sayar. In bai yi ba, asarar ba ta kai ta hana kowa barci ba, in ban da shi yaron.

Akwai kuma wani dalili da ke cikin littafin akawu, wanda mai kallon wasa ba ya gani. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa, ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya a matsayin kashewar shekara guda, ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa. Amma idan ta sayar, ribar duka a take ake rubuta ta. A gasar Firimiya ta Ingila an kafa ƙa'idar da ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a kakar 2023/24 an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda karya wannan ƙa'ida. Shi ya sa matashin da aka saya da arha ya zama abin toshe rami. Dubi Yankuba Minteh, ɗan Gambiya. A watan Yunin 2023 Newcastle ta saye shi daga Odense ta Denmark a kan kimanin fam miliyan 7, nan take ta tura shi aro Feyenoord ta Holan. Ya yi kaka ɗaya mai kyau. Da ƙarshen Yunin 2024 ya zo, ana gab da rufe lissafin shekara, sai Newcastle ta sayar da shi ga Brighton a kan kimanin fam miliyan 30. Bai taɓa buga mata wasa ba ko na minti ɗaya.

Chelsea ce ta fi kowa suna a wannan fage. A kakar 2018/19 tana da 'yan wasa kusan arba'in da ke zaman aro a wasu ƙungiyoyi, wato sun fi waɗanda ke buga mata wasa yawa. Shekaru da dama Vitesse ta Holan ta zama kamar masaukinta. Ɗan Najeriya Kenneth Omeruo yana cikin wannan runduna. An saye shi a Janairun 2012, aka tura shi ADO Den Haag, daga nan Middlesbrough, sai Turkiyya inda ya yi Kasımpaşa da Alanyaspor, sai Leganés ta Sifaniya wadda ta saye shi a 2019. A tsakanin nan ya ci kofin Afirka da Super Eagles a 2013, ya je gasar cin kofin duniya a 2014 da 2018. Mutumin da ya isa ya tsare bayan ƙasa sukutum a gaban duniya, shekara bakwai yana ɗan Chelsea a takarda, amma bai taɓa sanya rigarta a wasan gasa ba.

Labarin Taiwo Awoniyi ya fi nuna inda ribar take. Ɗan Ilori ne, yana cikin 'yan ƙasa da shekara sha bakwai da suka ci wa Najeriya kofin duniya a 2013. Liverpool ta ɗauke shi a 2015 a kan kimanin fam dubu 400, alhali ta san ba zai samu takardar izinin aiki a Ingila ba. Sai yawo ya fara: FSV Frankfurt, NEC Nijmegen, Mouscron, Gent, Mouscron kuma, Mainz, Union Berlin. Aro bakwai cikin shekara shida, a ƙasashe uku, kowace kaka sabon koci, sabon gida, sabbin abokan wasa da ba su san shi ba. A 2021 Liverpool ta sayar da shi ga Union Berlin a kan fam miliyan 6.5, ta ninka kuɗinta fiye da sau goma sha biyar a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ba. Shi Allah ya ba shi lafiya da haƙuri, ya kai ga Nottingham Forest, har ya ci Liverpool ƙwallo a Oktoban 2022. Amma abokin wasansa na 2013, Chidiebere Nwakali, wanda Manchester City ta ɗauka, an yi ta wucewa da shi daga Sifaniya zuwa Norway zuwa Aberdeen har kwantiragin ya ƙare ba tare da ya taka filinta ba. Kelechi Nwakali, gwarzon gasar 'yan ƙasa da sha bakwai ta 2015, haka ya shiga Arsenal ya fita bai buga ba.

Mu ma a Arewa muna da namu. Masu shekaru za su tuna Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano, mai lamba goma a tawagar da ta ci kofin duniya na matasa a 2007, wanda jaridu suka riƙa kira magajin Okocha. Sporting ta Lisbon ta riga kowa ɗaukarsa, ta tura shi aro wata ƙaramar ƙungiya, bai samu shiga babbar tawagarta ba. Ya ratsa PSV da Celtic da Kilmarnock, sai a Slovakiya, a Trenčín da Slovan Bratislava, ya samu inda ake sa shi wasa kowane mako, bayan shekarun da ƙafa ta fi kaifi sun wuce. A Nijar kuwa ga Moussa Maâzou, wanda ya zura wa Masar ƙwallo a Yamai a 2010 har tawagar ƙasar, Mena, ta kama hanyar gasar Afirka ta farko a tarihinta. CSKA Moscow ta saye shi daga Lokeren a 2009, ba a jima ba ta shiga ba da aronsa: Monaco, Bordeaux, Zulte Waregem, Le Mans.

Ba ina cewa aro haramun ba ne. Victor Osimhen ya kasa cin ko ƙwallo ɗaya a Wolfsburg, aron da aka ba Charleroi ta Beljiyam a 2018 shi ya farfaɗo da shi, daga nan Lille, daga nan Napoli. Matashi yana buƙatar wasa, kuma gara ya buga a ƙaramar ƙungiya da ya dumama benci a babba. Abin dubawa shi ne don wa aka yi aron. Akwai aron da aka tsara don yaro ya girma ya dawo, an zaɓi kocin da zai sa shi wasa, ana bibiyar lafiyarsa. Akwai kuma wanda aka yi don kawai kada kaya su lalace a ajiye kafin mai saye ya zo. Daga nesa kamanninsu ɗaya, kuma ɗan shekara sha takwas da aka miƙa wa biro a otal, da wuya ya iya rarrabewa.

Hukumar FIFA ba ta naɗe hannu ba. Tun 2001 dokarta ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai cika sha takwas ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko kuma tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga wanda ya kai sha shida. A kan wannan doka aka hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014, aka hukunta Real Madrid da Atlético a 2016, aka hukunta Chelsea a Fabrairun 2019 kan yara 29, ko da yake kotun wasanni ta rage mata hukuncin daga baya. A 2015 an haramta wa 'yan kasuwa mallakar wani kaso na kuɗin sayar da ɗan wasa. A Yulin 2022 kuma aka ƙayyade yawan aron da ƙungiya za ta iya bayarwa zuwa ƙasashen waje: takwas da farko, sannan bakwai, daga 2024 ya koma shida, kuma kada ya wuce uku tsakanin ƙungiya da ƙungiya.

Masu kuɗi ba su jira dokar ta same su a tsaye ba. Tun kafin a hana aro da yawa, sun fara sayen ƙungiyoyin kansu. Masu Manchester City suna da hannu a ƙungiyoyi fiye da goma a duniya, cikinsu har da Girona da Troyes da Lommel da Palermo. Masu Chelsea sun sayi Strasbourg a 2023. Iyalan Pozzo sun daɗe suna juya 'yan wasa tsakanin Udinese da Granada da Watford, kuma ta wannan hanyar Odion Ighalo da Isaac Success suka bi. Ɗan Brazil Savinho, Troyes ce ta saye shi a takarda a 2022, bai buga mata ba, aka tura shi PSV da Girona, ya ƙare a Manchester City. Yanzu ba sai an ba da aro ba, ana sayarwa ne daga aljihun dama zuwa na hagu.

Shari'ar da ta fi kusa da mu ita ce ta Spezia, wata ƙungiya a arewa maso yammacin Italiya. A lokacin tana hannun Gabriele Volpi, attajirin da ya yi arzikinsa a harkar tashoshin jiragen ruwa a Najeriya, kuma akwai makarantar ƙwallo a Abuja da ke da alaƙa da shi. Daga can ake kai yara Italiya tun ba su cika sha takwas ba, a ajiye su a ƙananan ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba, irin su Lavagnese, sai sun cika shekara a yi musu rajista da Spezia. A Yulin 2021 FIFA ta yanke cewa an yi hakan ne don a zagaye dokar kare yara, ta ci ƙungiyar tara, ta hana ta sayen 'yan wasa na kasuwa huɗu, hukuncin da aka sassauta bayan ɗaukaka ƙara. Sadiq Umar, ɗan Kaduna, ta wannan ƙofar ya shiga Turai. Roma ta ɗauke shi, ya ci mata ƙwallo yana ɗan sha takwas, ya ci biyu a wasan da Najeriya ta samu tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, sannan aka shiga yawo da shi: Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia, Partizan. Sai a Belgrade da Almería ya samu natsuwa, har Real Sociedad ta saye shi a kan kimanin Yuro miliyan 20 a 2022. Abokin tafiyarsa Nura Abdullahi, wanda suka je Roma tare, ciwon zuciya ya sa ya ajiye takalmi a 2021 yana ɗan shekara 23.

Duk waɗannan da na lissafa su ne masu sa'a. Suna da kwantiragi, suna da albashi, sun shiga Turai ta filin jirgi. A ƙarƙashinsu akwai wani tsani mai tsawo da ke gangarowa. Tunda kowa ya ji cewa yaron da aka saya da dubbai ana sayar da shi da miliyoyi, kowa ya zama ejan. Mutum zai zo filin unguwa da tabarau da katin da ya buga a shagon kwamfuta, ya nuna takardar gayyata mai tambarin wata ƙungiyar Turai, ya ce wa uba: Alhaji, yaron nan naka Allah ya yi masa baiwa, kada a bari ta ruɓe a nan. Sai a kawo kuɗin fasfo, kuɗin biza, kuɗin rage shekaru. Uwa ta sayar da 'yan kunnenta, uba ya jinginar da gona. Bayan wata biyu a ce biza ta ƙi fita, amma akwai wata hanya ta ƙasa, ta Libiya, daga can kwana ɗaya ne a ruwa. Tun farkon shekarun 2000 tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa saboda yawan yaran Afirka da irin waɗannan dillalai ke zubarwa a titunan Turai. Waɗanda aka zubar kafin su kai Turai ba su ma shiga lissafin kowa ba.

Hanyar sananniya ce. Daga Agadas ake ɗora mutum ashirin da wani abu a bayan Hilux, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo in barci ya sace shi, galan ɗin ruwa a ɗaure a jikin mota. A bi ta Dirku, Madama, a shiga Libiya ta Tumo, a wuce Gatrun, a sauka Sabha. Wannan ita ce kusan hanyar da ayarin Borno da na ƙasar Hausa suka riƙa bi zuwa Murzuk a ƙarni na 19, ɗauke da fatu da gashin jimina, da kuma bayi. A 2015 Nijar ta yi doka ta haramta safarar baƙin haure, abin da ya sa direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, mutane suka riƙa mutuwa da ƙishi. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, motoci suka dawo fili.

A Sabha ne cinikin ke tuɓe rigarsa. Garin shi ne babban birnin Fezzan, kuma tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ya sha rikicin ƙabilu da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, hukuma ta yi rauni. Ejan da ya karɓi kuɗi a gida sau da yawa bai biya direba cikon kuɗin mota ba, ko kuma direban ya ce ba a biya shi ba. Sai a miƙa yaro gidan bashi. A kulle shi da wasu gommai a ɗaki ɗaya, burodi guda a yini, a ba shi waya a ce ya kira gida, ana tsula masa tiyo yana magana don mahaifiyarsa ta ji kukan da kunnenta. A faɗi adadi, a faɗi wanda za a kai wa kuɗin a Agadas ko a wani gari. In an biya a sake shi, in an yi jinkiri a sayar da shi ga wani gidan, bashin ya ƙaru. A Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta fitar da shaidar waɗanda suka tsira, suna bayanin yadda ake cinikin baƙi a fili a Sabha a kan dala 200 zuwa 500. A Nuwamban shekarar CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a kusa da Tarabulus, duniya ta yi ca, aka kwaso dubban 'yan Najeriya da 'yan Nijar zuwa gida. Hayaniyar ta lafa, gidajen bashi ba su rufe ba.

Ba daidai ba ne a haɗa wannan da abin da Liverpool ta yi wa Awoniyi, ko kusa. Ɗaya ciniki ne da doka ta yarda da shi, ɗaya kuwa zalunci ne tsagwaronsa. Abin da ya haɗa su shi ne yaron da ke tsakiya: a duka wuraren biyu wasu ne ke yanke masa farashi, kuma labarin na farko shi ne ƙugiyar da ake kama shi da ita zuwa na biyu.

Akwai ma labaran da suka fi ƙarfafa wa yara gwiwa, kuma gaskiya ne. Musa Juwara ɗan Gambiya ya tsallaka Bahar Rum a kwale-kwale, ya sauka Sisili a 2016 yana ɗan sha huɗu, ba uwa ba uba a tare da shi. A Yulin 2020 ya ci Inter ƙwallo a San Siro yana sanye da rigar Bologna. Ebrima Darboe, shi ma ɗan Gambiya, ya ratsa Libiya da azabarta, ya isa Italiya a 2017, a 2021 ya buga wa Roma wasan kusa da na ƙarshe na gasar Europa da Manchester United. Waɗannan bidiyoyin suna yawo a WhatsApp har gobe. Abin da ba a turawa shi ne ci gaban labarin. Juwara aro aka tura shi Boavista da Crotone, bai samu gurbi a Bologna ba. Darboe ma Roma ta tura shi LASK ta Ostiriya da Sampdoria. Wato wanda ya tsira daga hamada, ya tsira daga gidan bashi, ya tsira daga teku, ya kuma yi dacen da dubbai ba su yi ba, ƙarshenta layin aron nan ya shiga.

Wasu kuma sukan ce to a tsaya a Libiya a buga, tunda Al-Ahli da Al-Ittihad na Tarabulus da Al-Ahli ta Bengazi suna biyan kuɗi fiye da na gida. Gaskiya ne suna ɗaukar 'yan wasan Afirka ta Yamma, amma ta filin jirgi, da takardar sakin ɗan wasa daga hukumar ƙasarsa. Wanda ya shigo a bayan Hilux ba fasfo ba shi da hanyar rajista, ko da a ƙananan ƙungiyoyin Sabha ne. Masu takardun ma ba su tsira ba. A 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta sanya Libiya cikin ƙasashen da ta gargaɗi mambobinta a kansu, saboda 'yan wasan waje da ke maƙalewa a ƙasar idan ƙungiyoyinsu suka ƙi ba su takardun fita.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan batu shi ne kuɗin da doka ta ba mu, muke barinsa a can. A ƙa'idar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne tun yana ɗan sha biyu har zuwa ashirin da uku. A cinikin Yuro miliyan 20, Yuro miliyan ɗaya ke nan. Ƙungiyar unguwa da ta riƙe yaro daga sha biyu zuwa sha biyar kaɗai tana da Yuro dubu 200 a ciki. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya tura wa masu su kai tsaye. Sharaɗin ɗaya ne: sai an ga sunan yaron a rajistar hukumar ƙwallon ƙasarsa, da sunan ƙungiyar, da shekarun da ya yi a cikinta. A nan muke faɗuwa. Koci zai yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda daga aljihunsa a filin Ƙofar Mata ko na wata makarantar firamare a Damagaram, amma babu takarda ko ɗaya da ta nuna hakan. In kuma aka sauya wa yaron ranar haihuwa, to an shafe tarihin da za a nemi haƙƙin da shi. Ƙasashen da suka gyara wannan suna cin moriya. Génération Foot ta Senegal, wadda ta fitar da Sadio Mané, tana da yarjejeniya a rubuce da Metz. Right to Dream ta Ghana ta kai ga mallakar Nordsjælland ta Denmark, ta nan Mohammed Kudus ya bi zuwa Ajax. Su ma ciniki suke yi, ba sadaka ba, amma yaro yana karatu, yana da takarda, kuma wani abu yana dawowa gida.

Hanyar Ahmed Musa ita ce na fi so matasanmu su riƙa dubawa. Bai tafi yana yaro ba. Ya buga gasar gida, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/10, duk ƙasa ta san shi. VVV-Venlo ta Holan, ƙaramar ƙungiya mai buƙatarsa a fili, ita ta ɗauke shi, ta kuma jira ya cika sha takwas a Oktoban 2010 kafin ya fara wasa. Daga nan CSKA Moscow a 2012, Leicester a 2016. A manyan matakan nan biyu na farko an saye shi ne don a sa shi a fili ran Asabar. Amma wannan hanya ba ta buɗuwa sai gasar gida tana da rai, ana biyan albashi a kan kari, ana nuna wasanni inda masu farautar 'yan wasa za su gani. Muddin ɗan wasan Katsina United ko Sahel ta Yamai yana bin bashin albashin watanni, ƙanensa zai ci gaba da sauraron mai tabarau.

Don haka kira na ga hukumomin ƙwallo na Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, da FENIFOOT a Nijar, shi ne su bi unguwa-unguwa su yi wa ƙananan ƙungiyoyi da yaransu rajista, kyauta ko da ɗan abin da koci zai iya biya, da ranar haihuwa ta gaskiya. Kai kuma uba, idan wani ya zo maka da maganar kai ɗanka Turai, ka nemi lambar lasisinsa, domin FIFA ta wallafa sunayen ejan-ejan ɗinta a intanet, kowa na iya dubawa. Ka kai takardar gayyatar ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku a tantance kafin ka taɓa gonarka. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi da masauki, ba ta karɓar ko kwabo daga iyaye, kuma in ɗanka bai cika sha takwas ba, doka ba ta ba ta ikon ɗauko shi daga Najeriya ko Nijar ba.